Ranar da Rauta Ta Zaɓar Mini Miji

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa, "Heilala, ke da kika yi karatun inji, yaya aka yi kika bari akwati ya yanke miki maganar aure?" ku gyara zama. Ban bari ba. Maguɗi na yi, kuma maguɗin ne ya kawo ni inda nake yau. Mai niyyar zagina ya riƙe tukuna har in kai ƙarshe.

Saboda sababbin shiga: Babana, Sefo, shi ke da ɗan kamfanin da ke ba tsibirinmu intanet a nan Vava'u, ni ce kuma kaɗai ma'aikaciyarsa da ta san abin da ke cikin injinan. Waya ba ta kama sabis a wurinmu sai ka hau tudun maƙabarta, don haka duk saƙon da zai shigo ko ya fita, ta rautarmu yake bi, wato akwatin da ke rarraba intanet ɗin. Ita rautar layi biyu take sha, duka daga garin Neiafu. Ɗaya na kamfanin wayar ƙarƙashin teku ne, Manase ke kula da shi. Ɗayan na kamfanin tauraron ɗan'adam ne, yana hannun Lisiate. Su biyun nan kowa ya ce yana sona.

Manase ɗan fasto ne. Rigarsa kullum a goge, tabarmar da yake ɗaurawa a ƙugu, irin ta al'adarmu, ba ta taɓa karkacewa ba. Ga irin saƙonninsa:

"Ina kwana. Kin tashi lafiya?"

"Kin karya?"

"Na ga hadari ta wajenku. Ki kwashe shanya."

Wallahi ko laifi ɗaya na nema a jikinsa ban samu ba, abin har haushi yake ba ni. Lisiate kuwa silifas ɗinsa ma ba kala ɗaya ba ne. Sai ya yi kwana uku bai ce mini uffan ba, sannan ya turo hoton kifin da ya kama, ko kalma babu a ƙasa. Ni kuma in zauna ina wa kifi murmushi har Mama ta tambaye ni ko lafiya. Na san abin da za ku ce. Ni ma na faɗa wa kaina, ban ji ba.

Sai Gwaggo Fusi, yayar Baba. Kun san yadda yayar uba take, babu wanda ke samanta a dangi. Baba da furfurarsa, in tana cikin ɗaki, a bakin ƙofa yake tsayawa. Ita Manase take so, kuma ta gaji da jan ƙafar da nake yi.

Ranar Laraba da rana ta zo kwantenar da muke ajiye injinan. Ta zauna a kujerata, ta buɗe mafici, ta nuna rautar da haɓa.

"Wannan mai ƙifta idon, me take yi duk yini?"

Da na sani na ce sanyi take sha. Amma kun san mai ilimi in an taɓo masa fanninsa.

"Gaisawa take yi da layukan nan biyu, Gwaggo. Duk minti ɗaya: kana nan? Ina nan. In ɗaya ya yi shiru minti uku, sai ta ɗauka ya mutu, ta koma wurin ɗayan."

"In duk suna raye fa?"

"Sai ta auna su. In suka yi kunnen doki, sai ta riƙe wanda ya riga gaishe ta."

"Wato babba."

"Wanda ya riga zuwa dai."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Akwati ya fi ki tarbiyya."

Ta kaɗa mafici. Sai ta juya wajen ƙofa inda Baba yake tsaye.

"Sefo, in an kashe ta aka kunna, layin wa ke riga tashi?"

"Na waya mana. Tauraro sai ya ɗan yi lalube."

"Madalla. To, tunda yarinyar nan ta kasa zaɓa, akwatin zai zaɓar mata. Ba shi da zuciya, ba ya kallon gashin namiji."

"Fusi, wannan fa inji ne kawai..."

"Da kai nake magana?"

"A'a."

Nan take ta tsara komai. Ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma Baba zai goge lambar fifiko, wadda ke sa rautar ta fifita layi ɗaya, layukan su zama daidai, ya kashe rautar ya kunna a gabanta, a sa kwaɗo. Lahadi dama doka ta hana aiki, ba mai taɓa komai. Bayan an tashi daga coci za a leƙa ta gilashin taga. A allon kwamfutar akwai 'yar kibiya da ke nuna layin da rautar ta riƙe. Wanda kibiyar ta nuna, shi zai kawo manyansa.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, in ku ne za ku naɗe hannu?

Baba lamba ɗaya ya sani a cikin rautar nan, ita ce ta fifiko. Ya koye ta a wani kwas na kwana uku a Nuku'alofa, takardar shaidar tana nan a falo kusa da hoton aurensu. Ita zai duba. Amma rauta tana da agogunanta, kuma Baba bai taɓa leƙa su ba.

Ranar Juma'a, yana can yana gyaran kwale-kwale, na zauna gaban allo. Agogo na farko mai sauƙi ne. Na ce mata, in layin Manase ya gaishe ki, ki yi minti biyu kafin ki amsa. Kafin nan Lisiate ya gama lalubensa ya zama babba. Na ji tausayin Manase kamar na sakan biyar, sai na danna.

Har na miƙe sai na tuna ruwan sama. Layin tauraro in aka tsuge da ruwa sai ya ɗauke numfashi. In ya yi shiru minti uku, rautar za ta sallame shi, in ya dawo kuma ya dawo a ƙarami, shi ke nan na tashi a matar Manase saboda hadari. Sai na buɗe agogo na biyu, na haƙuri, wanda ke ƙirga tsawon shirun da za ta jure. Na mai da shi minti goma. Na duba, na ga goma ta yi kaɗan. Na sa awa ɗaya. Na tuna halin mutumina. Sai kawai na goge na sa sifili.

In ka sa sifili, rauta ta daina ƙirgawa gaba ɗaya. Ba gaisuwa, ba tambaya, ba ranar da za ta ɗauka ya mutu. Kuma tsakanin inji biyu ƙaramar lamba ake bi, don haka injin Lisiate zai bi nawa ko bai sani ba. Malaminmu a Suva ya taɓa buga tebur ya ce duk wanda ya yi wannan kada ya ce shi ya koyar da shi. Malam, ka yi haƙuri, ban ambaci sunanka ba.

Na tura wa Lisiate saƙo: "Ka ji abin da Gwaggo ta yanke?"

Bayan awa huɗu: "Na ji. Duk Neiafu an ji."

"Kada ka damu da komai."

Ya turo hoton babban yatsa. Ban faɗa masa abin da na yi ba, domin in ya zauna shan kava, abin shan nan namu mai sa maye, da abokansa bakinsa ba ya riƙe magana.

Asabar kafin ƙarfe biyar Gwaggo ta iso da mata biyu daga coci a matsayin shaidu. Manase ma ya zo a jirgin ruwan yamma, tunda Lahadi jirgi ba ya tashi, ya tsaya can gefe hannu a baya. Lisiate bai zo ba, na ce a raina ai aiki ne ya riƙe shi. Aka yi wa rautar addu'a mai tsawo. Gwaggo ta fito da wani ƙyallen ɓawon itace mai zane, irin na biki, za ta lulluɓe ta.

"Gwaggo, zafi zai yi mata yawa."

"Amarya ma zafi take ji, ta mutu?"

Da ƙyar Baba ya roƙa aka mai da ƙyallen kan taga. Ya goge lambarsa yana gyara tabarau kamar likita, ya kashe, ya kunna. Kafin kibiyar ta fito Gwaggo ta kora mu waje duka, ta datse kwaɗo, ta cusa makullin a ƙirjinta, wurin da ko 'yan sanda ba za su bi shi ba.

Da na koma gida na buɗe wayata, na ga shafi yana ɗan jinkiri kafin ya buɗe. Wannan jinkirin na san shi, na tauraro ne. Jama'a, na yi rawa a kicin da ludayi a hannu. Mama tana naɗe ganyen gwaza da naman gwangwani na abincin gobe, ta dube ni ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki." Wajen ƙarfe bakwai intanet ta ɗauke. Na leƙa waje na ga ana yayyafi, na ce ruwa ne, zai wuce.

Da safe rana ta fito tar, ko gajimare babu. Intanet ba ta dawo ba.

Na sa riga da siket shuɗɗa masu farin fure, na ɗaura abin ƙugu na saƙa da Mama ta yi mini, na sa fure a kunne. Baba da maƙwabta sun rufe ramin gasa abinci, doya da rogo da alade suna ciki, hayaƙi na tashi ta bayan gida. Kowa muka haɗu da shi a hanya sai ya ɗaga mini waya. Ni kuma in ce, "Lahadi ce, Kawu. Lahadi ce, Inna."

Duk Lahadi ana nuna sujadarmu kai tsaye ga 'yan'uwa da ke Auckland da Sydney. Saboda su ake guga, saboda su mawaƙa suke kwana uku suna gwaji. Gwaggo ta sayi sabuwar farar hula mai faɗin faifai musamman don 'yarta ta gani daga Auckland. Dattijo Kelepi ya kafa wayarsa a kan sanda kamar kullum, ni ina hango 'yar da'irar nan tana ta juyawa a allon. Bai iya faɗa wa Gwaggo ba. Haka ta yi awa biyu tana karkata hula hagu da dama, tana yi wa wayar murmushi, mawaƙa suka zuba waƙa huɗu har jijiyar wuya, ba wanda ya gani sai mu da muka saba ganinsu.

A nan ne na gane abin da ya faru. Wani abu ya mutu a ɓangaren Lisiate, ya mutu ba sallama. Ita kuwa rautata, da na hana ta ƙirga shiru, tana nan tana kwasar saƙon tsibiri guda tana zuba masa. Gaisuwar jikoki, hotunan biki, addu'ar fasto, duk suna tafiya inda ba kowa. Layin Manase yana gefe lafiya lau, ko kallonsa ba ta yi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wata murna marar kunya, domin kibiya dai na san inda take.

Ana tashi daga coci gari ya ɗunguma zuwa kwantena. Tsofaffi da tabarminsu, mawaƙa da fararen kaya, har karnuka. Gwaggo ta sa hannu ta yaye ƙyallen, ta manna hanci a gilashi.

"Sefo, zo ka karanta. Daga nan inda kake."

Baba ya miƙa wuya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Lisiate."

Gwaggo ta juyo a hankali.

"Ka ce waya ke riga tashi."

"Haka ne. Kuma Fusi, layin nan matacce ne. Tun jiya ko harafi ɗaya bai wuce ta kansa ba. Ga na Manase nan a raye, sai gaisuwa yake yi."

"Shi ne ta ƙi komawa?"

"Ta ƙi."

"Tun jiya bai ce mata komai ba?"

"Ko tari."

"Kuma tana nan tana jiransa?"

Baba ya dube ni ta saman tabarau. Ni kuma na ga ashe takalmina yana da ban sha'awa ƙwarai. Na gama shiryawa, na ce yau za a yi mini tsirara a gaban gari.

Sai Gwaggo ta cire hularta. Tunda nake ban taɓa ganin kanta a waje ba hula ranar Lahadi ba. Ku da ba ku sani ba, mijinta Sitani ya tafi New Zealand aikin wata shida, yau shekara talatin da ɗaya, ko wasiƙa. Har gobe in an zuba abinci sai ta ajiye farantinsa.

"Kowa ya ce in cire rai," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Fasto ya faɗa. Sefo ya aiko matarsa ta faɗa. An ce ba ni da hankali. Ashe akwai mai fahimtata a garin nan, a cikin kwantena take."

Ta shafa gilashin kamar tana shafa kan jariri. Matan coci suka fara sharɓar kuka. Dattijo Kelepi, da bai san me ake ciki ba, ya ɗaga waƙa, mawaƙa suka amsa. Ina tsaye ina kallon mutum kusan ɗari suna yi wa kuskuren saiti waƙar yabo da murya huɗu.

"Na yi magana, ba na janyewa," in ji Gwaggo tana share ido. "Lisiate ya kawo manyansa ranar Alhamis."

"To a buɗe yarinya ta gyara mana layi," in ji Baba a hankali. "Mutane suna..."

"Lahadi ce. Ku bar baiwar Allah ta yi jiranta."

Wurin cin abinci ina zaune a ƙarshen tabarma, na kasa haɗiye ko loma don daɗi, sai ga Manase da kofin ruwan kankana da kwakwa. Ya durƙusa ya ajiye a gabana.

"Minti biyu," ya ce, yadda ni kaɗai zan ji.

"Na'am?"

"Na duba a wayata jiya kafin layi ya ɗauke. Injina ya gaishe ta ƙarfe biyar da sakan goma sha ɗaya. Ta amsa biyar da minti biyu da sakan goma sha ɗaya. Inji ba ya jan aji da kansa, Heilala."

Na yi ƙasa da murya. "Za ka faɗa wa Gwaggo?"

"A'a." Ya gyara tabarmarsa da ba ta karkace ba. "Ki ci abincinki, yana hucewa."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Amma kunyar ba ta hana ni kwana ina tsara kalar kayan ƙawayen amarya ba, gara in faɗa muku gaskiya.

Litinin ƙarfe bakwai na safe Gwaggo ta zaro makullin, da ɗuminsa, ta miƙo mini. Ba ita kaɗai ta zo ba. Mata shida ta taho da su, suka baje a gindin mangwaron da ke gaban kwantena suna warware manyan tabarmin biki, ana gardamar alade nawa za a yanka ranar Alhamis. Gwaggo ta ce uku. Wata ta ce dangin Lisiate ba su da yawa, biyu sun isa. Gwaggo ta ce huɗu.

Na shiga, na mai da agogunan yadda suke, na sallami mataccen layin da hannuna. Kibiya ta yi tsalle ta koma kan Manase. Nan take wayoyin matan nan suka ɗauki kuka gaba ɗaya kamar 'yan tsaki, saƙon kwana biyu yana shigowa. Tawa ma ta yi ta rawa a kan tebur. Na ga sunan Lisiate har sau biyar. Mutumin da ke yin kwana uku kafin ya turo kifi! Na rungume wayar a ƙirji tukuna, sannan na buɗe.

Asabar, 7:04 na yamma: "Heilala, na duba na ga rautarku tana kaina. Ban san yadda aka yi ba."

7:05: "Na zare filogin akwatin da ke haɗa mu. Nan da minti uku za ta koma wurin Manase."

7:11: "Ki yafe mini. Ba zan iya auren nan ba. Na kasa faɗa miki da baki, na ce bari inji ya faɗa."

Lahadi, 9:30 na safe: "Saƙona bai shiga ba har yanzu. Lafiya?"

Lahadi, 2:15 na rana: "Heilala, me ya sa ba ta koma ba?"

Na karanta sau uku. Ba ruwan sama ba ne, ba iska ba ce, ba ɓera ne ya ci waya ba. Da hannunsa ya zare, don ya faɗi. Ni na yi maguɗi ya ci, shi ya yi maguɗi ya sha kaye, kuma nawa ya fi nasa ƙarfi. Na so in yi dariya, sai na ji abin da ya taso mini ba dariya ba ce. Ina son mutumin nan, jama'a. Har a lokacin da nake karanta saƙon ina sonsa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Inuwa ta rufe ƙofar kwantena. Gwaggo ce, fuskarta sai sheƙi, matan shida sun taru a bayanta suna leƙe.

"Angon ne?"

Na ɗaga kai. Na share ido da bayan hannu.

"Dube ta, har da hawaye! Sau nawa ya rubuto?"

"Biyar."

"Biyar!" Ta juya wajen matan. "Kun ji? Nawa shekara talatin da ɗaya ko ɗaya bai rubuto ba." Ta share gefen idonta da bakin mafici, ta miƙo mini tafin hannu. A danginmu ba a taɓa yin wanda Gwaggo Fusi ta miƙa wa hannu ya mayar da shi wayam ba.

"Kawo nan, 'yata," ta ce. "Ni zan karanta musu da ƙarfi."